Kayi-nayin Gidaje a Hustan: Dillali Ya Sa Kwat

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, wani yaro ɗan wajenmu ya zaro takarda daga aljihu a harabar masallacin da muke zuwa a unguwar Alief, nan Hustan ta jihar Teksas. Takardar lissafin rufe cinikin gida ce. Ya ɗora yatsa a kan layi guda: dala 12,000, ga sunan ɗan kamfaninsa a gefe. Gidan bai taɓa zama nasa ba ko na minti ɗaya. Bai kafa ƙusa ba, bai taka banki ba. Dala 1,000 ya ajiye, ita ma ta dawo masa ranar da aka gama. Samari suka yi masa rumfa, kowa na "masha Allah". Wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a Kantin Kwari ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya miƙa masa, ya ce, "Yaro, ai wannan kayi-nayi ne." Aka kwashe da dariya. Yaron ya murtuke fuska ya ce, "A'a Alhaji, ni mai zuba jari ne."

Alhaji ya fi shi gaskiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɓacin ran yaron. Sana'ar da idan ka yi ta a Kano za a ce ba ka da rumfa ba ka da jari, ita ce a nan ake buga wa kati mai sheƙi, ake shirya mata taro a otal, mutane na biyan dubban daloli don a koya musu. Tun da samarinmu a nan sun fara rububinta, na gida kuma suna ganin bidiyonta a YouTube da TikTok suna tambaya, gara a faɗi yadda take da inda take kayar da mutum.

Turawa na ce mata holsel, wato sari, amma ba gidan ake sara ba, takarda ce. Ka nemo mai gidan da ya matsu, ku sa hannu a yarjejeniyar cewa za ka saya a kan kaza cikin kwana 30. Daga wannan lokaci kana da haƙƙin saye, kuma haƙƙin nan kadara ce da dokar ƙasar ta yarda a sayar. Sai ka nemo mai tsabar kuɗi, galibi masu sayen tsofaffin gidaje su gyara su sayar, ko masu tara gidajen haya, ka sallama masa gurbinka a kan wani ƙari. Ranar rufe ciniki shi zai biya, mai gida ya karɓi abin da kuka yi da shi, kai ka ɗauki abin da ke tsakani.

Mai koyo yakan fara da neman gida, kuma nan ne kuskurensa na farko. Mai saye ake fara nema. Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ka sami mutum biyar ko goma da ka tabbatar sun sayi gida da tsabar kuɗi cikin wata shidan da suka wuce, ka san unguwar da kowannensu ke so, da girman gidan, da iyakar abin da zai iya biya. A Hustan wurin ganinsu a fili shi ne gwanjon gidajen da banki ko hukumar haraji ta ƙwace, wanda dokar Teksas ta tsayar a Talatar farko ta kowane wata. Duk wanda ka ga yana ɗaga hannu a can da cekin banki a aljihu, ba ɗan kallo ba ne. Wanda kuwa ya ce maka a Facebook yana sayen "komai a ko'ina", ɗan'uwanka ne ɗan kayi-nayi, so yake ya ɗora nasa a kan naka.

Neman mai gidan kuma, abin da zai ba mutumin gida mamaki shi ne yadda komai yake a buɗe. Hukumar ƙiyasta harajin gidaje ta gundumar Harris, inda Hustan take, tana da shafi a intanet. Ka rubuta adireshin kowane gida, kyauta, sai ga sunan mai shi, da shekarar da aka gina, da faɗinsa, da inda ake aika masa wasiƙa. Idan gidan na unguwar Sunnyside ko Acres Homes amma wasiƙar mai shi tana zuwa wata jiha, ka san ba ya ciki, wataƙila ya gaji da shi. Sunayen waɗanda haraji ya taru a kansu a rubuce suke. Sanarwar gidan da banki zai yi gwanjonsa dole a kafe ta kwana 21 kafin ranar. Shari'ar rabon gado ma tana cikin kundin da kowa zai iya dubawa. Ga kuma hanyar talaka, wadda ba ta cin komai sai man mota: ka bi layi-layi a hankali kana duban ciyawar da ta kai gwiwa, akwatin wasiƙa da ya cika ya tumbatsa, shuɗiyar tamfol a kan rufi, taga da aka toshe da katako. Ka rubuta lamba, ka koma ka duba mai shi. Akwai kamfanonin da za ka ba su suna da adireshi su nemo maka lambar waya a kan 'yan kwabbai.

A nan ne ƙafa ke fara zamewa. Amurka na da dokar kiran waya ta 1991 da rajistar "kada a kira ni" ta 2003. Saƙon tes ko kiran na'ura da ka aika ba da izini ba zai iya jawo maka dala 500 zuwa 1,500 a kan kowane guda, kuma akwai lauyoyin da abincinsu ke nan. Wanda ya sayi manhajar da ke watsa saƙo dubu a dare ɗaya, ya yi lissafin da kansa. Ƙananan allunan nan masu ruwan ɗorawa da ake maƙalawa a turakun lantarki, "muna sayen gida, kuɗi a hannu", su ma haramtattu ne a titunan Hustan, tara ake ci. Abin da ya rage wa mai koyo shi ne wasiƙa, da ƙwanƙwasa ƙofa, da haƙuri. Mutum zai aika kati ɗaruruwa kafin waya ta yi ƙara, kuma akasarin masu kiran so suke su zage shi. Wata uku zuwa shida ba ciniki ko ɗaya ba abin mamaki ba ne, alhali kuɗin kati da kan sarki suna fita kowane mako. Masu cewa sana'ar ba ta son jari ba su faɗin wannan.

Lissafin shi ne ran sana'ar, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce da kowa ke amfani da ita, ta kashi 70. Ka fara da abin da gidan zai yi bayan an gyara shi tsaf. A ce dala 220,000. Kashi 70 na wannan 154,000 ne. Ka cire kuɗin gyara, a ce 45,000, saura 109,000. Wannan ne ƙarshen abin da mai gyaran zai biya. Ka cire naka, a ce 10,000, saura 99,000. Ko sisi ka ɗora a kan wannan wajen mai gida, daga aljihunka ya fita. Kashi 30 ɗin da aka bari ba riba ce zalla ba. A ciki mai gyaran zai biya la'adar dillalai masu lasisi, kashi biyar zuwa shida, idan ya tashi sayarwa, da kuɗin ruwan bashin da ya ci, da inshora, da harajin gida, wanda a Teksas ya kan kai kashi biyu cikin ɗari a shekara ko ya ɗara, na tsawon watannin da gidan ke hannunsa.

Yanzu duba abin da kuskure kaɗan ke yi. Idan darajar nan 200,000 ce ba 220,000 ba, kashi 70 ya koma 140,000, bayan gyara 95,000. Kai kuwa ka riga ka sa hannu a 99,000. Ba mai karɓar takardarka ko kyauta. Mai koyo yakan faɗa wannan rami saboda ya dogara da ƙiyasin Zillow, shafin tallar gidaje na intanet, ko farashin da maƙwabta suka saka gidajensu a kasuwa. Abin da aka taya ba shi ne abin da aka sallama ba, wannan ko a Kurmi an sani. Gidajen da aka riga aka sayar ake dubawa, uku aƙalla, cikin wata uku zuwa shida, waɗanda ba su wuce rabin mil ba, masu kusan faɗi ɗaya da shekaru ɗaya, kuma kada ka tsallaka babban titi ko layin dogo, domin a garin nan titi ɗaya kan raba farashi biyu. Teksas ta ƙara wahalar da abin, tana cikin jihohin da ba a rubuta farashin da aka sayar da gida a kundin hukuma. Sai ka yi abota da dillali mai lasisi ya ciro maka daga rumbun bayanansu.

Gyara kuma, fenti da tayil ba su ne ke kashe ciniki ba. Abin da ido bai gani ne. Ƙasar Hustan laka ce, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, sai dandamalin simintin da gidan ke kai ya tsage. Ka ga ƙofa ba ta rufuwa, ko tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, to ginin ya motsa, kuma ɗaga shi aiki ne na dubbai, wani lokaci ya haura 15,000. Tsofaffin gidaje suna da bututun ƙarfe a ƙarƙashin simintin da tsatsa ta cinye, sai an fasa ɗaki kafin a kai gare shi. Waɗanda aka gina tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da tsakiyar 1970 wasunsu wayar alminiyom ce a bango, kamfanonin inshora ba sa son ta. Rufi da na'urar sanyaya gida kowanne zai iya cin 10,000. Gidan da aka gina kafin 1978 dole a haɗa takardar gargaɗin fenti mai dalma a cikin yarjejeniya. Sannan ruwa. Tun ambaliyar guguwar Harvey ta Agustan 2017, ba mai saye da hankalinsa da zai taya gida bai buɗe taswirar ambaliya ta hukumar FEMA ba. Mai koyo ya ɗauki ɗan kwangila ya shiga gidan da shi, ya biya shi ladan ƙafarsa, ya ƙara kashi 10 a kan duk abin da ya faɗa.

Yarjejeniyar ita ce hajarka, saboda haka kada ka kwafo ta daga intanet. A Teksas akwai fom na hukumar kula da harkar gidaje ta jihar, wanda kowane kamfanin tantance mallaka, wato mai binciken takardun gida kafin a rufe ciniki, ya sani. A bayyana a ciki ƙarara cewa kana da damar miƙa wa wani. Gidajen da ke hannun banki galibi sun hana wannan, kada ka ɓata lokaci a kansu. Kafin alƙalami ba hannun mai gida yake zuwa ba, kamfanin tantance mallaka ake kai wa cikin kwana uku ya riƙe amana. Akwai kuma wani ɗan kuɗi daban, dala 100 ko 200, da kake sayen kwanakin zaɓi da shi, bakwai, goma ko sha huɗu. Cikin kwanakin nan kana iya fasawa ba tare da ka ba da dalili ba, a mayar maka da kafin alƙalaminka. Suna cika da ƙarfe biyar na yammacin ranar ƙarshe, ko da minti ɗaya ka makara kuɗin ya tafi. Shi kuma wanda ka miƙa wa, ka karɓi nasa kafin alƙalamin, 3,000 zuwa 5,000, wanda ba a mayarwa, in ba haka ba ana gobe rufewa zai kashe waya.

Gidan kuma ba naka ba ne, don haka ba ka da ikon tallata shi. Wanda ya saka hoto ya rubuta "gida na sayarwa" ba shi da lasisi, dillanci ya yi ba izini, kuma laifi ne. Haƙƙinka na saye kaɗai za ka tallata. Tun 2017 Teksas ta wajabta ka gaya wa mai saye cewa takarda ce a hannunka ba gida ba, daga Janairun 2024 kuma dole shi ma mai gidan ka sanar da shi a rubuce. Jihar Ilinoi tun 2019 ta ce wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya a wata 12 sai da lasisi. Oklahoma ta bi sahu a 2021, birnin Filadelfiya ma ya kafa nasa lasisin. Abin da ka samu kuma ba naka ba ne duka: akwai harajin mai sana'ar kansa, kashi 15.3, ga harajin gwamnatin tarayya a kai. Ɗalibin da ke nan da bizar karatu kuwa ya nesanci harkar gaba ɗaya, don aiki ce a idon hukumar shige da fice.

Zan ba Bature haƙƙinsa a wuri ɗaya. Kamfanin tantance mallakar nan abin sha'awa ne. Kafin dala ɗaya ta motsa, sai ya bi tarihin gidan hannu bayan hannu, ya tono duk bashin da ke rataye a wuyansa: na banki, na haraji, na ɗan kwangilar da ba a biya ba, na hukuncin kotu. Idan mai gidan na da aure, sai matar ta sa hannu. Idan gado ne kuma ba a je kotu ba, sai an kawo mutum biyu da ba su da rabo a ciki sun yi rantsuwa a kan su wane ne magada, kuma kowane magaji ya sa hannu. Ƙane ɗaya da ya ɓace a Luwiziyana ya isa ya tsayar da komai. Bayan haka su ba mai saye inshorar cewa in wani ya ɓullo da hujja gobe, su za su biya. Mu da muka san filin awon igiya ɗaya mai takardu uku da masu shi uku, muka san zaryar KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, da jiran sa hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978, ba mu da bakin raina wannan.

Amma takarda mai tsabta ba ta wanke cinikin. Koma ga lissafin can. Gidan da zai yi 220,000, an karɓe shi a 99,000. Ko ka cire gyaran, akwai dubbai masu yawa da mai gidan zai iya samu da ya saka shi a kasuwa yadda yake. Me ya sa ya yarda? Wani sauri yake so, ya san abin da ya bari, ya zaɓi hutu, wannan ba laifi. Sai dai jerin sunayen masu gidaje da 'yan kayi-nayi ke saya ba na masu hutu ba ne. Na wanda aka kusa ƙwace wa gida ne, da wadda mijinta ya mutu, da wanda aure ya mutu, da tsohon da haraji ya fi ƙarfinsa. A 2023 kafar binciken ProPublica ta fallasa yadda wakilan wani babban kamfanin sayen gidaje suke farautar tsofaffi da marasa lafiya, wasu ma hankalinsu ya fara gushewa. Akwai kuma dabarar kai takardar shaidar yarjejeniya ofishin gunduma a yi mata rajista, ta yadda ko mai gida ya farga ya ce ya fasa, sayar wa wani yakan yi masa wuya in bai sallami ɗan kayi-nayin ba. A darasin da ake sayarwa, kariya ake kiran wannan.

Mu kuwa tun muna zaure aka karantar da mu hanin tarar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, da hadisin Hakim bin Hizam na kada ka sayar da abin da ba ya hannunka. Malamai ne za su yanke ko sayar da gurbi a yarjejeniya ya faɗa ƙarƙashin na biyun, kuma duk yaron da zai shiga ya kai musu takardar su gani kafin ya sa hannu. Na farkon dai ba ya bukatar dogon sharhi. Wanda ya dage sai ya yi, to ya zauna da mai gidan ya ce masa: ni ba zan zauna a gidan nan ba, wani zan miƙa wa, zan sami kusan kaza, in kin kai kasuwa za ki fi samun haka amma za ki jira, ki kira ɗanki ko lauya ya duba. Zai rasa ciniki da yawa ta wannan hanya. Cinikin da ya samu kuwa ba za a fasa masa ana saura kwana biyu ba, don abin da ya fi rusa cinikin nan shi ne ranar da mai gida ya ga layin dala 12,000 a takardar lissafi, ya gane wanda ya sha shayinsa ba mai saye ba ne.

Za a ce dillalanmu ma suna cin sama su ci ƙasa. Suna ci, ban musa ba. Amma dillalin unguwa da ya karya wa gwauruwa gida, gobe da asuba a sahu ɗaya zai tsaya da ƙanin mijinta. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya ji, maƙwabcin da aka fara yi wa tayi ya san nawa aka sallama, matan layin sun san inda kuɗin ya shiga kafin la'asar. Ana kuka da sa-idonmu, ni ma na yi kuka da shi har na baro shi, amma shi ne inshorar da talaka yake da ita, kuma ba a biyan ko kwabo. Yaron can na masallaci bai yi wa kowa ƙarya ba, na yarda. Ya dai sami tsohuwa ita kaɗai a gida mai ɗaki uku, 'ya'yanta ɗaya a Dalas ɗaya a Atlanta, maƙwabtanta ba su san sunanta ba, kuma a cikin wata guda shi ne mutum na farko da ya zauna a falonta ya saurare ta har ta gama magana. Da wa za ta yi shawara?

Masu turo mana saƙo daga gida cewa ga yadda ake kuɗi a Amurka ba jari, me muke jira, su san cewa irin wannan falon ake shiga a ɗauko kuɗin. Mu da ke nan kuma shekaru suna tafiya, yaranmu suna kama aiki a wasu jihohi, da yawanmu mun sayi gida da sunanmu a shafin gundumar Harris, inda kowa zai iya gani. A unguwarmu ta gida, in mai gida ya rasu, tabarmi ake shimfiɗawa a ƙofa, a yi uku, a yi bakwai, ba mai ƙarfin halin tayar da zancen gida sai an share makoki. A nan ana shigar da takardar gado kotu sunan ya hau jeri, kuma kafin a yi sadakar arba'in katin farko ya iso akwatin wasiƙa, da rubutu mai kama da na hannu: muna yi muku ta'aziyya, muna saye yadda yake, ba sai kun kwashe kaya ba.